Motar Tsere ta Bututun Ƙarfe: Yadda Ake Gina Ta, da Abin da Ya Rage wa Kano

Duk bayan ɗan lokaci sai an samu bidiyon da ya karaɗe Facebook da TikTok: matashi ya haɗa mota da hannunsa a gefen wani gareji, ƙarafunanta duk a waje, salansa na ƙara, yara na bin ta da gudu. Kafin ka ce kwabo jama'a sun rabu gida biyu. Wasu na cewa gwamnati ta ɗauki yaron nan ta buɗe masa kamfani, ga wanda zai raba mu da motocin Kwatano. Wasu kuma na cewa a tare shi tun bai kashe 'ya'yan mutane ba. Kano ba baƙuwar wannan muhawara ba ce. Tun a 2007 an yi irinta a kan wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa.

Tambayar ita ce: mai walda da bakaniken Kano za su iya gina motar tsere ta bututun ƙarfe, wadda mutum zai shiga ya taka ta kilomita 150 a awa, ya kuma fito da ƙafafunsa? Ni a ganina za su iya, domin cikin duk hanyoyin ƙera mota wannan ce ta fi kusa da kayan aikin da ke hannunmu. Sai dai abubuwan da ake yi wa tafi, wato ƙarar inji da fenti da siffa, su ne masu sauƙin. Masu wuyar kyamara ba ta ɗaukarsu: awo, irin bututun da aka saya, da abin da ke kwance ƙarƙashin walda.

Me ya raba ta da motar gida?

Mota iri uku ce ta fuskar abin da ke ɗauke da nauyinta. Akwai mai shasi daban, dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da 'yan gajeru aka ɗora bodi a kai, irin Hilux da Land Cruiser da manyan motoci. Akwai wadda bodin nata shi ne shasin, irin Corolla da Golf da Camry. Wannan sai kamfani, saboda falankin ƙarfe ake dannawa da manyan injina, kuma kowane sashe da nasa mazubin. Ta ukun ita ce tamu: a yanka ƙananan bututu, a haɗa su da walda su zama ƙwarangwal, a rataya inji da ƙafafu da kujera a jikinsa. Bodin da za a rufa, na alminiyam ne ko na faiba, sutura ce kawai, ba ya ɗaukar komai.

Dabarar tsohuwa ce. Mercedes 300SL ta 1954, mai ƙofofin nan da ke buɗewa sama, ba don gayu aka yi mata su haka ba. Bututun gefenta ne suka yi tsayi har ƙofar da aka saba ba za ta shiga ba. Maserati ta fitar da Tipo 61 a 1959 da siraran bututu wajen 200, kuma duka ƙwarangwal ɗin bai wuce kilo 30 da ɗoriya ba. A Ingila, Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, kamfanin Caterham ya sayi haƙƙinta a 1973, har yau yana ƙera ta. Gasar Formula 1 ta fara barin bututu tun 1962 da Lotus 25, sannan McLaren ta kawo shasin zaren kabon a 1981. Amma a ƙasa da wannan matakin bututu na nan daram: motocin NASCAR a Amurka, da yawa daga motocin gasar Dakar, ƙaramar motar gudu ta Ingila mai suna Ariel Atom, da motocin da ɗaliban jami'a ke haɗawa a gasar Formula SAE da aka fara a 1981.

Ita kuma motar filin tsere, sunanta ya faɗi aikinta. Babu na'urar sanyi, babu but, babu kujerar baya, kuma cikinta kusan a ƙasa yake, tudun rage gudu guda ɗaya a cikin unguwa ya isa ya tsayar da ita. Abu uku ake nema a wajenta: ta yi sauƙin nauyi, kada ta murɗe, ta kuma kare wanda ke ciki. Saboda haka masu cewa a ba yaro kamfani ya riƙa yi wa jama'a irinta sun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Wanda ya iya wannan bai kama hanyar ƙera motar iyali ba tukuna, aikin daban ne.

Alwatika: ginshiƙin aikin gaba ɗaya

Duk mai walda a Kano ya san ƙafar tankin ruwa. In ka tsayar da ƙafa huɗu ka ɗaure su sama da ƙasa kawai, yaro ma ya jijjiga ta sai ta yi rawa. Da ka gicciya ƙarfe daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai ta tsaya cak, ko da ƙarfen da ka gicciya siriri ne. Murabba'i na iya karkacewa ba tare da ko ɗaya daga gefunansa ya canza tsawo ba. Alwatika kuwa ba za ta canza siffa ba sai ɗaya daga gefunanta ya miƙe ko ya tamuke, kuma ƙarfe ya fi ƙin wannan a kan komai.

Daga nan dokokin zanen suka fito. Bututu yana da matuƙar ƙarfi in an ja shi ko an danna shi ta tsawonsa, amma rago ne in an danna shi a tsakiya. Don haka duk inda nauyi zai shiga, wato inda hannun taya ya kama, inda shokozoba ta tokare, inda inji ya zauna, inda bel ya ɗaure, dole ya faɗo a mahaɗar bututu, wurin da uku ko huɗu suka taru. Kuskuren da aka fi gani a motocin gida shi ne a manna kunnen shokozoba a tsakiyar dogon bututu saboda nan ne ya fi sauƙin kaiwa. Ranar farko lafiya lau. Bayan an yi ta dukan wurin sau dubbai, sai tsaga ta fito a gefen waldar.

Wurare biyu ne ke ba mai zane ciwon kai, domin ba a iya gicciya su: inda direba ke shiga da inda inji ke sauka. A nan ake gane gwani. Wasu kan faɗaɗa gefunan su yi musu alwatika ta waje, wasu kan yi tokarar da ake kwancewa da noti in za a cire inji, wasu kan manna falankin alminiyam a ƙasa da gefe da ƙusoshin ribit ya yi aikin gicciye.

Me ya sa ake tsoron murɗewa haka? A kwana, nauyin mota na komawa tayoyin waje, kuma sifirin da shokozoba ne ya kamata su raba wannan nauyi tsakanin gaba da baya. In ƙwarangwal ɗin na murɗewa, ya zama wani sifirin na biyar da babu wanda ya auna shi, babu kuma shokozobar da ke riƙe shi. Sai ka ga an canza sifirin, an canza iskar taya, motar ba ta ji ba.

Ana iya auna wannan a gareji, ba sai da kwamfuta ba. A ɗaure bayan ƙwarangwal ɗin tam, a ɗora gaban a kan abu guda a tsakiya yadda zai iya juyawa, a ɗaura dogon ƙarfe a gicciye, a rataya buhun siminti mai kilo 50 a nisan mita ɗaya daga tsakiya. Wannan ƙarfin murɗa ne na kusan Nm 490 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa). Sai a auna yadda gaban ya sauka: a nisan mita ɗaya, milimita 17 da rabi daidai yake da digiri ɗaya. In ya sauka rabin haka, motar na da kusan Nm 980 a kowane digiri. Sai a ƙara tokara guda, a sake aunawa. Wanda ya yi wannan gwaji sau biyu-uku ya daina gardama a kan amfanin gicciye.

Ba kowane bututu ba ne bututun mota

A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan ne kasuwarmu ta fi rauni. Ka shiga Ƙofar Ruwa, ƙarfe sai wanda ka zaɓa, amma kusan duka na gini ne da na kayan ɗaki: bututun ruwa mai farin shafe, bututun gado da kujera, mai kusurwa huɗu na ƙofa da taga. Ba laifin 'yan kasuwa ba ne, abin da ake nema suke kawowa. Ajaokuta da aka fara tun 1979 ba ta kai ga ba mu ƙarfe ba, masana'antun da ke aiki kuma rodi suka fi yi.

Bututun ruwa an yi shi ne don ya riƙe ruwa. Yana da nauyi, ƙarfensa mai laushi ne, yana da ɗinki a tsawonsa, kuma farin shafen nan na zinki in wuta ta taɓa shi yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, yana kuma ɓata waldar. Madarar da wasu masu walda ke sha bayan sun shaƙe shi ba ta maganin komai. Bututun gado kuwa ya yi siriri da yawa, ga shi kaurin da aka faɗa maka da wanda ke jikinsa ba lallai su zo ɗaya ba. Mai wannan aiki ya shiga kasuwa da ma'aunin baniya a aljihu.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta rubuta abin da take karɓa a kejin kariya na motocin gasa, kuma ya isa ya zama ma'auni ga kowa. Bututun ya zama marar ɗinki, wanda aka ja a sanyi, kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, juriyarsa ta kai aƙalla 350 N/mm² (ma'aunin jan da ƙarfe zai jure kafin ya tsinke). Babban baka da ke bayan kan direba ya zama mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2.0. Sauran sassan 38 da 2.5, ko 40 da 2.0. Lanƙwasa kuma a sanyi za a yi ta da injin lanƙwasa, kada ta matse fiye da ninki uku na faɗin bututun, kada kuma bututun ya baje a wurin. Wannan ya fitar da dabarar da aka saba da ita ta cusa yashi a gasa da wuta a tanƙwara a jikin bishiya ko turke. Ta yi wa kan gado, ba ta yi wa abin da zai tare kan mutum in mota ta kife ba.

Akwai ruɗani biyu da ya kamata a warware. Na farko, tsauri daban, juriya daban. Tsauri shi ne yadda ƙarfe ke ƙin lanƙwasuwa in an ɗora masa nauyi. Juriya ita ce yawan nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe har abada ko ya karye. Bututun nan mai tsada da ake kira kuromoli, lamba 4130, ya fi ƙarfen gama-gari juriya nesa ba kusa ba, amma tsaurinsu ɗaya ne, kusan 200 kowannensu a ma'aunin tsauri na GPa. Wanda ya sayi kuromoli don motarsa ta daina murɗewa ya zubar da kuɗinsa, ga shi kuma waldarsa ta fi son gwani. Haka alminiyam: nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe, amma tsaurinsa ma kashi ɗaya cikin ukun ne, kuma walda na rage masa ƙarfi sosai.

Na biyu shi ne imanin da muke da shi cewa kauri shi ne ƙarfi. Za ka ji an buga ƙarfe da guduma an ce, “Oga, wannan ko tirela ta bi ta kai ba abin da zai same shi.” Lissafi bai goyi bayan haka ba. In ka ninka kaurin bangon bututu, nauyi ya ninku, tsaurin lanƙwasa ma ya ninku sau biyu kacal. In kuwa faɗinsa ka ninka ka bar kaurin yadda yake, nauyin ya ninku sau biyu, tsaurin ya ninku kusan sau takwas. Shi ya sa yawancin jikin irin waɗannan motoci ake yin sa da bututu mai faɗin inci ɗaya da kaurin milimita 1.6, wanda mita ɗinsa bai kai kilo ɗaya ba, a ajiye mai kaurin, mai kilo biyu da rabi da ɗoriya a mita, don kewayen direba kaɗai.

Walda: abin da fenti ke rufewa

Yawancin waldarmu ta sandar lantarki ce. Tana da kyau a ƙarfe mai kauri, amma a bangon milimita 1.6 ko dai ta huda shi, ko mai yi ya rage wuta don tsoron hudawa, waldar ta kwanta a sama ba ta ci ƙarfen ba. In aka haɗa da wutar da ke hawa tana sauka, ko janareton da ke nishi duk sanda aka kafa sanda, sai a samu walda mai kyan gani marar saiwa. Injin walda irin MIG ko TIG, mai amfani da iskar agon, shi ya dace. Abin mamaki, waldar gas da masu gyaran bodi ke yi ta fi kusa da tarihin sana'ar: shekaru da dama ana haɗa ƙwarangwal ɗin Lotus da Caterham da wutar gas da sandar tagulla. Sai dai tagullar ta musamman ce, hannun ma na musamman.

Kafin wuta ma akwai yanka. Inda bututu ya haɗu da ɗan'uwansa, sai an fafe bakinsa ya rungumi wancan ɗin ba tare da rata ba. Ga abin da ke faruwa in an yi gaggawa: an yanka da giranda, an kara, rata ta fito wadda yatsa zai shiga. Yaron shago ya ɗauko guntun rodi ko ƙusa ya cusa, maigida ya narka a kai, a goge da giranda har ya yi sumul, a shafa fila, a fesa jan fenti. A ƙofar gida wannan zai shekara ashirin. A hannun tayar da ke cin kwana, wurin nan ne zai fara buɗewa. Shi ya sa a gasa ba a son a goge waldar keji, mai duba mota yana son ya gan ta yadda take.

Zafi kuma yana jan ƙarfe. In aka gama walda gefe guda kafin a taɓa ɗayan, ƙwarangwal ɗin zai karkace tun bai bar tebur ba. Don haka ana fara gina teburi mai lebur, a zana layin tsakiya, a ɗaure kowane bututu a mazauninsa, a ɗiɗɗiga walda ko'ina, a auna kusurwa zuwa kusurwa a ga sun zo ɗaya, sannan a cika, ana yi ana tsallakawa hagu da dama.

Kada a ɗauka ƙananan magina kaɗai wannan ke ci. Bayan rasuwar direban Formula 1 Ayrton Senna sakamakon haɗari a filin tseren Imola na Italiya ranar 1 ga Mayu 1994, shari'a ta yi shekaru a Italiya, kuma a 2007 kotun ƙolin ƙasar ta danganta haɗarin da karyewar sandar sitiyarin da aka yanke aka yi wa ƙari, ko da yake injiniyoyin motar sun yi jayayya da hakan.

Ƙwarangwal ne ƙarshen zane

Mai sha'awa yakan fara da siffar da ya gani a hoto, ya haɗa ƙarafa, sannan ya nemi inda zai cusa inji da kansa. Masu sana'ar daga taya suke farawa, domin ita kaɗai ke taɓa ƙasa. Girmanta ke nuna inda hannuwan ƙafa za su kama. Sai a zaunar da direban da hular kwano a kansa a auna shi, a ajiye inji da giya da tanki a inda nauyinsu zai fi yin ƙasa da tsakiya. Bayan duk waɗannan sun samu wuri ne ake zana bututun da zai haɗa su. Akwai manhajoji irin su FreeCAD, wadda kyauta ce, da SolidWorks, masu nuna inda ƙarfe zai sha wuya tun ba a yanka ba. Wanda ba shi da su ya gwada da bututun roba na wayar lantarki tukuna, kuskure a nan ba ya da tsada.

Inji ba shi ne matsala a Kano ba. Injin Corolla mai lita 1.8 na ba da ƙarfin doki wajen 130. A motar da duka nauyinta kilo 600 ne, wannan daidai yake da a ce motar gida mai kilo 1,500 tana da doki 325. Wato babu buƙatar babban inji mai silinda shida (V6), balle mai takwas (V8), wanda nauyinsa zai ɓata rabon nauyin motar ya kuma nemi birkin da ba a da shi. Hanya biyu ce. A samo mota mai jan baya, irin tsohuwar Peugeot 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna, ko BMW, ko Marsandi, a ɗauki inji da giya da aksul. Ko a ɗauki inji da giyar mota mai jan gaba ɗungurungum a mayar da su bayan direba, yadda Ariel Atom ta yi da injin Honda.

Ƙafafu ne wurin da milimita ke magana. Misali guda ya isa: in sandar da ke juya taya ba ta yi tsawo da kwanciya daidai da hannuwan ƙafar ba, duk sanda taya ta hau tudu sai ta juya kanta ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. A gudun 40 ba za a ji ba. A gudun 140 motar za ta canza layi da kanta. Ƙusoshin ƙafa kuma a duba kansu, a ga lamba 8.8 ko 10.9, a kuma saya a inda aka amince, saboda lambar ma ana buga ta jabu.

Sai yanayinmu. A watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40, lagireton da ya ishi mota a Ingila ba zai ishe ta a nan ba, kuma dole a yi masa hanyar da iska za ta bi ta cikinsa, kada ta zagaye. Ƙurar hunturu kuma na cin injin da aka bar bakinsa a buɗe don ƙara.

Keji kaɗai ba ya ceton rai

Ranar 18 ga Fabrairu 2001 direban NASCAR Dale Earnhardt ya bugi bango a gasar Daytona 500, cikin motar bututu da ƙwararru suka gina. Kejin bai rushe ba, amma ya rasu, saboda jikinsa ya tsaya kansa ya ci gaba, ƙashin gindin ƙoƙon kai ya karye. Kafin shekarar ta ƙare NASCAR ta wajabta abin da ke riƙe kai da wuya, Formula 1 ta bi sahu a 2003. Darasin da injiniyoyi suka ɗauka shi ne, kewayen direba ya yi tsauri, amma hancin mota da gefunanta su zama masu tamukewa su shanye bugu. Ƙarfin bugu kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: wanda ke kan 120 yana ɗauke da ninki huɗu na wanda ke kan 60.

Bel mai madauri biyar ko shida ake sawa, kuma na kafaɗa a ɗaure shi a bututun da ke daidai kafaɗar ko ƙasa da ita kaɗan. In aka kai shi can ƙasan mota, ranar haɗari kashin baya zai danne. Tsakanin hular kwano da layin saman keji a bar aƙalla santimita 5. Tsakanin direba da inji da tankin mai a sa bangon ƙarfe marar huda. A sa makashin lantarki da na waje ma zai iya kaiwa. Birki ya zama layi biyu, in ɗaya ya fashe ɗaya ya riƙe, man birkin kuma sabo, domin DOT 4 da ke tafasa a digiri 230 yana iya saukowa 155 in ya sha danshi. Taya kuma a karanta lambobi huɗun da ke gefenta, mako da shekarar da aka yi ta. Waɗannan kaya, kujera da bel da hula da bututu marar ɗinki, daga waje suke zuwa, kuma tun da aka saki Naira a Yunin 2023 su ne ke cinye kasafin. Su ne kuma ake fara yankewa in kuɗi ya gaza, saboda ba sa ƙara gudu.

Doka, fili, da wanda abin zai shafa

Motar da za ta hau titin gwamnati na buƙatar rajista da lamba, lambar shasi, shaidar lafiyar mota daga VIO, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma Naira 15,000 daga Janairun 2023. Ingila na da gwaji na musamman, IVA, da motar da mutum ya haɗa a gida ke bi kafin a ba ta lamba. Motar filin tsere dai ba ta neman ko ɗaya, domin a bayan wata motar ake kai ta fili a dawo da ita.

To wane fili? Doki na da Filin Sukuwa, 'yan folo na da nasu, amma mota ba ta da wurin da aka kewaye aka ware mata a birnin nan. Shi ya sa gwaji ke komawa titin bayan gari da sassafe, ko wajen rakiyar amarya, ko ranakun Sallah, inda kusan kowace shekara sanarwar 'yan sanda ke haɗa tseren mota da kilisa cikin abubuwan da aka hana. Iyaye da mazauna unguwa da ke neman KAROTA da Road Safety su taka wa abin birki suna da gaskiya, domin mai talla da ɗan makaranta da mai adaidaita sahu ba su sa hannu a kan za su shiga gwajin kowa ba. Matasan da ke cewa an hana su ba a nuna musu inda za su je ba, su ma suna da tasu gaskiyar. Inda na rabu da masu goyon bayansu shi ne kiran a yi musu uzuri saboda talauci. Ƙarfe bai san uzuri ba, kuma yawancin gyaran da aka lissafa a sama awo suke ci fiye da kuɗi.

Ribar talaka a wannan harka ba motar ba ce, don ƙalilan ne za su taɓa mallakarta. Ribar tana hannun da aikin zai horar. Mai waldar da ya koyi fafe bakin bututu, da aiki a kan teburin awo, da TIG, shi ne gobe zai yi bodin tirela, da injin casar shinkafa, da gadon asibiti, da gyaran shasin adaidaita sahu da ya tsage. Kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai na neman irin wannan hannu. Ƙasar ma ba ta rasa abin dafawa ba: akwai hukumar NADDC mai kula da zane da bunƙasa motoci, wadda Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt, ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023. Akwai ƙungiyar masu motoci ta Nijeriya, ATCN, da ke cikin FIA. Ɗaliban ABU Zariya da na Legas da Benin sun haɗa motoci sun shiga gasar Shell Eco-marathon, kuma bikin kamun kifin Argungu ya daɗe da tseren motoci a cikin shirinsa.

Matakin farko ba ya buƙatar biliyoyin gina filin tsere. Akwai nau'in gasar da ake yi a kowane shimfiɗaɗɗen fili da aka rufe: a jera robobin hanya, mota ɗaya ta shiga a lokaci guda, agogo ne abokin takararta, kuma kwanonin sun yi yawan da gudu ba ya yin nisa. Abin da ake buƙata shi ne izinin hukuma, shinge tsakanin 'yan kallo da fili, motar asibiti, masu kashe gobara, da mai duba mota wanda ke da ikon cewa wannan ba za ta shiga ba. Na ƙarshen nan ya fi wuyar samu, don sai wanda ya san aikin kuma ba ya jin kunyar ɗan Alhaji. A nan sassan injiniya na Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da Kwalejin Fasaha ta jiha za su yi amfani: mai gini ya kawo guntun bututun da ya saya da samfurin waldar da ya yi da hannunsa, a ja su a na'urar gwajin ƙarfe har su tsinke. In ƙarfen ne ya yage a nesa da waldar, a ba shi takardar shiga. In waldar ce ta ɓalle, ya koma shago ya sake.